Ɗana Lafiyarsa Ƙalau, Amma Ya Fara Ɗingishi

Assalamu alaikum, 'yata mai wannan fili.

Ki taimaka mini da shawara, don abin ya fi ƙarfina. Ni ba mutumin da ya saba neman shawara ba ne, a da wurina ake zuwa. In faɗa miki gaskiya, shafin nan naki tsallake shi nake yi, ina ganin na masu ciwon soyayya ne. Ga shi yau ni ma na shigo layi.

Na yi karatu, karatu na gaske, a lokacin da ake koya wa mutum ya karanta takarda har ya ji abin da aka ƙi rubutawa. Shari'a na karanta. Na ƙarar da ƙuruciyata a ofis ina tsara yarjejeniya ga mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa daidai ba. Su suka gina gidaje, ni na samu hawan jini. Da na yi ritaya aka sallame ni da tafi da agogon bango. Ba don ki tausaya mini na faɗa ba. So nake ki san mai maganar nan ba jahili ba ne, kuma ba ya cikin masu ganin aljani a kowace inuwa.

Ɗana ɗan ƙwallo ne, da ita yake ci da iyalinsa. Mai tsaron baya ne a wani kulob na babbar gasa, magoya baya Katanga suke ce masa. Ban so masa wannan sana'a ba, na so ya yi karatu, amma an fi ƙarfina tun yana ƙarami, kuma ba zan ɓoye ba, ya iya. Yanzu ya doshi talatin, wanda a wurinsu tsufa ne.

Ga inda matsalar take. Hukumar gasar ta ƙayyade iyakar abin da kowane kulob zai kashe a albashin 'yan wasansa gaba ɗaya a kakar wasa guda, don kada masu hali su saye kowa. Wanda ya haura iyakar, a ci shi tara, a rage masa maki. Amma an bar ƙofa ɗaya: ɗan wasan da likita ya tabbatar ya yi rauni mai daɗewa, kulob zai ci gaba da biyansa, sai dai ba za a sa albashinsa cikin iyakar ba har ya warke. Don tausayi aka yi dokar, don kada a kori mutum yana kwance. Na karanta ta, an tsara ta da kyau. Duk dokar da aka yi don tausayi, ita ɓarayi ke fara shinshinawa, wannan na koya a ofis.

A farkon kakar nan kulob ɗin ya ƙyalla ido a kan wani ɗan wasan gaba mai tsada, kuma babu gurbi a ƙarƙashin iyakar. Sai suka duba wanda za a iya yi ba da shi ba. Manajan kulob da dillalin ɗana, mai nema masa kwantiragi, suka zaunar da shi, suka ce ba korarsa za a yi ba, ko sisi ba zai ragu ba, kawai likitan kulob zai rubuta cewa gwiwarsa ta hagu ta samu matsala, ya huta kaka ɗaya. Ya sa hannu. Bai kawo mini takardar ba. Ni da na kwana na tashi da irinta tsawon rayuwata, ina zaune a gida ɗaya da shi, sai bayan an gama na ji. Da na yi magana ya yi dariya, ya ce, "Baba, wannan ba irin takardunku na da ba ne." Na haɗiye.

Sharaɗin shi ne ya zama majinyaci a ko'ina. Likitocin hukuma sukan faɗo ba sanarwa, ga kowa da waya a hannu. Don haka aka ɗaure masa gwiwa, aka ba shi sanda, aka hana shi gudu ko da ruwa ne ya tsinke masa a hanya. Kuma kullum da safe, lokacin da 'yan'uwansa ke atisaye, sai ya je ya zauna a ɗakin masu rauni har a tashi.

Da farko abin wasa ne a gidanmu. Yana shigowa zai jefar da sandar bayan ƙofa, ya saɓa 'yarsa a wuya, ya kwaikwayi ɗingishin da ya yi wa 'yan jarida har uwarsa ta yi hawaye don dariya. Matarsa tana tsokanarsa da cewa da fim ya shiga da tuni sun yi mota ta biyu. Ni kaɗai ne ba na dariya, sai aka ce halina ne, tsoho mai baƙin rai.

Sai magoya baya suka rataya ƙyalle a filin wasa suna yi masa addu'ar samun lafiya. Maƙwabta suka dinga sallama suna tambayar ya jiki, shi kuma yana cewa da sauƙi. Abokan wasansa, har waɗanda suka san gaskiyar maganar, in sun gamu da shi sai su sassauta murya su ce Allah ya ƙara afuwa. An ce haka ake yi a kulob ɗin, ba a yi wa mutumin ɗakin wata gaisuwa sai wannan, don kada baki ya suɓuce gaban baƙo. An cire sunansa daga maratayin riguna. Ban san ranar da uwarsa ta fara ajiye masa matashi a ƙarƙashin ƙafa ba. Ita da ta fi kowa sanin ƙarya ce. Da na tambaye ta, ta ce ai ba laifi ba ne mutum ya kula da ɗansa.

Wata rana na matsa sai na ga ɗakin, ya kai ni ba da son ransa ba. A ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo yake, ana bin wani dogon lungu mai warin man zafi da danshi. Ɗakin tsaf yake, ba abin da za ka kushe. Taga ɗaya ce doguwa, siririya, daidai da ciyawar fili, don haka ba ka ganin kowa sai daga gwiwa zuwa ƙasa. Ƙafafu kawai, suna wucewa suna dawowa. Kujeru na fuskantar tagar. Akwai talabijin, amma a kashe. Su uku ne a ciki: ɗana, da wani siririn ɗan wasan gefe, da wani mai furfura a gemu da suke kira Kyaftin.

'Yata, na daɗe a zaune ban ji an yi hira ba. Da hantsi ne, ga ihun koci a waje, amma ɗakin shiru kamar ana jiran a fito da gawa. Idan ƙwallo ta gangaro kusa da tagar, ƙafafunsu na dama su uku sai su motsa tare. Da koci ya busa usur na tara 'yan wasa, na ga su ukun sun ɗago daga kujeru lokaci guda, suka tsaya rabi a tsaye, sannan a hankali suka koma suka zauna. Babu wanda ya kalli wani. Babu wanda ya yi murmushi. Na gane kullum haka suke yi, kuma ba su san suna yi ba.

Matar da ke share lungun ta ce mini ta tarar da Kyaftin a ɗakin tun da aka ɗauke ta aiki, kuma ta ji ana cewa da ƙafafunsa ya shigo, garau. Yanzu ba ya hawa matakala sai an riƙe shi. Duk kaka kulob yana sabunta masa kwantiragi, kuma ni na san dalili: mutumin da ya san abin da ya sani, ajiye shi ya fi sakinsa arha. Da zan fita na miƙa masa hannu. Bai kalli fuskata ba, ƙafafuna ya kalla, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni cikin ladabi, "Baba, wacce ce taka, hagu ko dama?" Na ce ni baƙo ne. Ya gyaɗa kai kamar ya sha jin haka.

Bayan nan na fara lura. Sandar ta daina zama bayan ƙofa. Wata rana da azahar gidan ba kowa sai ni da shi, ina ɗakina ina karatu, labule a sake, bai san ina ganinsa ba. Ya tashi daga barci zai je shan ruwa. Ya dafa bango, yana jan ƙafar hagu, fuskarsa a yamutse. Don wa yake yi? Babu likitan hukuma a tsakar gidana. Na duba wandonsa, ƙafar hagu ta yi masa yawa, ta dama tana nan cike. Jikanyata, wadda nake tsokana da amaryata, yanzu in ta zo gaishe ni jan ƙafa take yi, ta ce haka Abbanta yake tafiya.

Na ja shi wurin wani likita, abokin karatuna ne, wanda ba ruwansa da ƙwallo. Aka ɗauki hoto, ya duba, ya sake dubawa, ya ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya, gwiwar saurayi ce. Amma da ya ɗora tafinsa a kanta sai ya janye da sauri, ya ce da ɗumi. Ya ce ba komai ba ne. Na san shi tun muna samari, na san yadda yake faɗin ba komai idan ya rasa abin cewa.

Yanzu kasuwar 'yan wasa za ta sake buɗewa. Wancan mai tsadar yana ta zura ƙwallaye, ba mai son a taɓa komai. Sun kawo wa ɗana sabon tayi: ya ƙara kaka ɗaya a ɗakin, da ɗan ƙari a kai. Yana son ya sa hannu. Na zaunar da shi, na yi magana a hankali iyakar iyawata, na ce ya nemi su maido shi fili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ko sun maido ni ba zan iya ba, gwiwar ba ta gama warkewa ba." Na ce wace gwiwa? Ya ɗago ya kalle ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa.

To ga abin da ke hana ni sukuni. Zan iya rubuta wa hukumar gasar. Shafi ɗaya ya ishe ni, kuma na san inda zan sa kowace kalma ta yi ciwo. Amma na san abin da zai biyo baya. Za a hukunta kulob, za a dakatar da ɗana don da hannunsa a ciki, waɗanda suka yi masa addu'a su ne za su fara jifansa, kuma ba kulob ɗin da zai sake ɗaukar ɗan mai tona asiri. Uwarsa ta ce in na yi haka na kashe masa kasuwa da hannuna, kuma kada in sa ran zai sake kallona. In kuma na yi shiru, ina ji ina gani za a mayar mini da yaro Kyaftin. Ni ban yarda da camfi ba, amma tun ranar da na fito daga ɗakin nan gwiwata ta hagu take damuna a matakala. Na ce tsufa ne. Ina ta ce wa kaina tsufa ne.

In rubuta ko in yi shiru? Kada ki ce in yi haƙuri, na yi haƙuri da duniya har na gaji.

Naki,
Dattijon da ya yi boko a banza

Wa alaikumus salam, Baba.

Ba zan ce ka yi haƙuri ba, don wannan ba maganar haƙuri ba ce, maganar gaggawa ce. Kuma ba zan ɓoye maka ba, da na kai inda su ukun suka ɗago daga kujeru, sai da na ajiye wasiƙar na leƙa waje.

Da na dawo na tambayi wata ƙwararriya mai gyaran gaɓoɓin masu rauni. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ƙafar da aka ɗaure aka hana ta aiki tana ramewa, gwiwar da aka daina lanƙwasawa tana sandarewa, kuma jikin da ya daɗe yana kare wani wuri yakan fara jin ciwo a wurin da gaske. Saboda haka ɗanka ba ƙarya yake maka ba, kuma ba hauka yake yi ba. Yana jin abin da ya ce yana ji. Ka daina tambayarsa wace gwiwa, domin duk lokacin da ka ƙaryata shi, kana tura shi ya kare ciwon. Albishir ɗin shi ne ta ce irin wannan yana gyaruwa, amma kowace kaka da ta ƙaru tana rage abin da za a iya maidowa. Ita ma taka gwiwar a duba ta, kada ka zauna kana yi mata fassara kai kaɗai.

Yanzu mu yi wa ɗanka adalci. Mutum ne mai iyali, a sana'ar da ake tsufa da wuri, aka nuna masa ƙofa biyu, ɗaya kora ce a fakaice, ɗaya albashi cikakke. Da yawa cikinmu wadda ya bi za mu bi. Ina kuma zargin akwai tsoron da bai faɗa maka ba: in ya koma fili aka ga ya rage gudu, shi ke nan an gama da shi a bainar jama'a, alhali a ɗakin nan har yanzu shi Katanga ne da rauni ya tsare. Sai dai fahimtar dalilinsa ba ta mayar da abin halal ba. Yaudara ce, an cuci sauran kulob-kulob, an cuci mutanen da suka ɗaga hannu suna roƙa masa lafiyar da yake da ita. Kai ka fara ganin haka, kuma kana da gaskiya.

Amma Baba, ka yarda in faɗa maka abin da 'ya za ta faɗa wa uba. A wasiƙarka raunuka biyu na gani, nasa da naka. Bai kawo maka takardar ba, kuma har yau abin yana ci maka rai. Ina tsoron shafi ɗayan nan da kake son rubutawa, rabinsa don ceton yaro ne, rabinsa don a san wanda aka raina. Kada ka rubuta a bayan idonsa. In ka yi, shi zai fi kowa biya, manaja da dillali kuwa su nemi lauyoyi su wanke hannu.

Ga abin da nake ganin za a yi. Abu mafi gaggawa, kada ya sa hannu a sabon tayin. Ba sai ya ce a'a da faɗa ba, ya ce yana son lokaci. Ku nemi lauya mai zaman kansa da ya san dokokin gasar, ba na kulob ba, ba na dillali ba, kuma in akwai ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ku tuntuɓe ta. A tambaya ko za a iya ba da shi aro ga wani kulob, ko da ƙarami ne, ko a raba gari cikin mutunci. In albashinsa ne ya tsaya musu a wuya, waɗannan hanyoyi ne na fili da za su iya sauke musu nauyin albashin ba tare da an kwantar da mai lafiya ba. Kuɗin zai ragu, ku faɗa wa juna wannan tun yanzu. In kuma kulob ya ƙi, ya nemi tsare shi da barazana, to lokacin zuwa hukuma ya yi, amma shi zai je da ƙafarsa, da lauyansa, kai kana gefensa. Wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba. A nan karatunka zai yi rana, don ba wanda zai karanta masa takarda da idon da za ka karanta.

A gida kuma, ka zauna da Mama, wato uwarsa, da surukarka, ba da faɗa ba. Soyayya ce ta sa suke jinyarsa, amma jinyar tana ƙara ɗaure shi. Ku nemo mai gyaran gaɓoɓi na waje ya fara aiki da ƙafar a hankali.

Sannan ka yi masa tambayar da ban ga ka yi ba: shin har yanzu yana son buga ƙwallo? Ka yi shiru ka saurara. In ya ce ya gaji, wannan ba abin kunya ba ne, ya yi ritaya a tsaye ya nemi wani abin yi. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ya ƙare a kujera yana kallon ƙafafun wasu.

Na ƙarshe shi ne mafi wuya ga mutum irinka. Watanni ke nan kowa yana riƙe ɗanka, ba wanda ya jingina da shi don shi ma ya riƙe wani. Gobe in za ka tashi daga zaune, kada ka dafa bango. Ka kira shi, ka miƙa masa hannu, ka sakar masa nauyinka duka, ka ce ya zagaya da kai tsakar gida. Kada ka kalli ƙafarsa, kada ka ce komai a kan abin da ka gani. Jibi ma ka sake kiransa.

Allah ya ba shi lafiyar da ya ara wa ƙarya, ya sanyaya maka zuciya, ya sa ku fita daga wannan tare, kuna masu kallon juna.